Yadda ake barin shayin rage ƙiba da garin gwangwani a koma cefanen kasuwa

A bazarar da na yaye ɗana na uku, lokacin da zafin Garwa ke hana mutum barci a ɗaki, na sayi kwalin shayin rage teɓa a hannun wata mai kawo kaya daga Duwala. Kuɗin kwali ɗaya ya isa cefanen gidanmu na kwana huɗu. Na sha kwana uku, na yi ta zarya tsakanin tabarma da bayan gida, ƙafafuna suna rawa, amma ina murna saboda zanena ya fara sakwarkwacewa a ƙugu. Ana haka Goggo, ƙanwar babanmu, ta zo daga Pitowa. Ta ga yadda idona ya faɗa, ta ce in kawo mata abin da nake sha. Ta yage ƙunshi ɗaya, ta zuba a tafin hannu, ta shinshina.

"Ke 'yar nan, wannan ai filasko ne. Nawa kika ba da?"

Na faɗa mata. Ta yi salati, ta tafa hannu. "Filaskon da ke bayan gari, wanda ko akuya ba ta kula shi?"

Na juya kwalin, ga shi kuwa an rubuta da ƙananan baƙaƙe: feuilles de séné. Ganyen filasko da Faransanci. Aikinsa shi ne tsokanar babban hanji ya fitar da abin da ke ciki da gaggawa, alhali abincin ya riga ya shiga jiki tun a ƙaramin hanji. Abin da mutum ke zubarwa ruwa ne da gishirin jiki irin su fotasiyam, kitsen kuwa yana nan daram. Kwana biyu da dainawa zanen ya koma yadda yake. Ni ma na yi sa'a filasko ne kawai. Akwai ƙwayoyi da kofin rage ƙiba da hukumomin magunguna a ƙasashe da dama suka sha kamawa an cusa musu sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Daga nan na fara gyaran tukunyata, kuma abin da zan zayyana shi ne yadda na bi, da abin da na koya a hanya. Sai dai in faɗa tun yanzu, abincinmu na gida ma ba a wanke yake tas ba. Mai cin tuwo malmala huɗu da miya cokali biyu, ya kora da shayi mai sukari kamar zuma, ba shi da bakin yi wa mai shan garin gwangwani dariya.

Da farko, zazzage kicin

Ki shimfiɗa tabarma, ki fito da duk abin ci da sha da ke gidan, har wanda ke cikin jakar hannu da aljihun babur ɗin maigida. Ki raba kashi uku. Kashi na farko abin da kina kallonsa kin san daga wace gona, wace bishiya ko wace dabba ya fito: gero, dawa, wake, gyaɗa, kuɓewa busasshiya, ƙwai, kifi, albasa. Na biyu abin da aka sarrafa da hanyar da ke ma za ki iya a tsakar gida: ƙuli-ƙuli, daddawa, kindirmo, banda, man gyaɗa, garin kuka. Na uku abin da ba za ki taɓa iya haɗa shi ba ko da an ba ki duk kayan, domin kayan nasa ba a sayar da su a kasuwa: biskit, taliyar leda mai nuna a minti uku, garin lemo na sashe, lemon kwalba, garin da ake damawa a sha a madadin abinci, da duk wani mai hoton siririyar mace a jikin kwali.

Wannan rabon ya yi kusa da wanda wani malamin jami'ar Sao Paulo ta Barazil, Carlos Monteiro, ya fito da shi tun 2009, wanda daga baya aka sa wa suna NOVA, sai dai shi NOVA ɗin kashi huɗu ne. An kuma gwada maganar. A 2019 wani mai bincike a Amurka, Kevin Hall, ya ajiye mutum 20 a asibitin bincike har mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta, mako biyu abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya, an daidaita sukari da mai da kalorin da ake ajiye musu, aka ce kowa ya ci iya cinsa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa ƙara kimanin kalori 500 (kalori ma'aunin ƙarfin abinci ne) a kullum ba tare da sun lura ba, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A ɗaya makonnin suka sauke kusan kilo ɗaya. An kuma lura sun fi cin na masana'antar da sauri. Wannan kam ba sai an je Amurka ba. Ki ba yaro biskit leda guda, ki ba shi dafaffiyar gurjiya kwano guda, ki ga wanne zai fara ƙarewa.

Ba na ce ki kwashe kashi na uku ki zubar ba. Almubazzaranci ne, kuma rigima za ki jawo da yara. In ya ƙare kada a sake sayowa, shi ke nan. Banda shayi da ƙwayoyin rage ƙiba, su kam yau za su bar gidan.

Koyon karanta bayan kwali

Gaban kwali na mai talla ne, bayansa naki ne. A nan Kamaru, haka ma a Cadi, yawancin rubutun da Faransanci yake, don haka ga abin da za ki nema. Inda aka rubuta ingrédients, doka ce a jera kayan haɗi bisa nauyi, mafi yawa a farko. In kika ga sucre ko sirop de glucose cikin ukun farko, alewa ce kike riƙe da ita ko da an zana zangarniyar alkama a gaba. Sukari na da sunaye da yawa: dextrose, fructose, maltose, saccharose, duk gida ɗaya ne. In kika ga huile partiellement hydrogénée, ki mayar kan kanta, shi ne kitsen da ya fi kowanne cutar da jijiyoyin zuciya.

Sai teburin lambobi. Kada ki duba layin portion, domin kamfani ne ya yanka abin da ya kira rabon mutum ɗaya, kuma yakan yanka shi ƙarami. Ki duba layin pour 100 g. Ma'aunin da ake amfani da shi a Ingila yana da sauƙin riƙewa: a giram 100 na abinci, sukari sama da giram 22.5 ya yi yawa, gishiri sama da giram 1.5 ya yi yawa. In sodium aka rubuta maimakon sel, ki ninka sau biyu da rabi, shi ne gishirin.

Kalmomin gaban kwali kuwa sai da lura. Allégé a dokar Turai na nufin an rage wani abu ɗaya da aƙalla kashi 30 cikin ɗari in aka kwatanta da irinsa na yau da kullum. Mayonez da aka rage wa mai har yanzu mayonez ne. Yogot mai 0% sau da yawa an cire masa kitse an cike gurbin da sukari ko sitaci don kada ya yi salam. Sans sucres ajoutés, wato ba a ƙara sukari ba, a kwalin ruwan 'ya'yan itace gaskiya ne, amma sukarin 'ya'yan yana ciki, an dai raba shi da ɓargon da ke rage masa gudu. Ko garin madarar da ake aunawa a cokali a shago, ki tambayi buhun da aka ɗebo. In an rubuta matière grasse végétale, an cire man shanun ne aka maye shi da man itace, galibi na kwakwar manja.

Sukari, inda aikin ya fi wuya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga babba, cokalin shayi 12, in ma an iya a tsaya a rabin haka. A lissafinta zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk suna ciki. Galibin lemon kwalba na ɗauke da kusan giram 10 a kowane mililita 100, don haka ƙaramin gwangwani ya kai cokali takwas zuwa tara, babbar kwalbar da ake kawo wa baƙo kuwa ita kaɗai ta cinye rabon yini har da ƙari.

To amma mu ba lemo ne babban ɓarawonmu ba, shayi ne. Ki tsaya wurin mai shayi da safe ki ƙirga: madarar gwangwani mai kauri wadda kusan rabinta sukari ne, sannan cokali uku a kai, sannan burodi da bota. Maza kuma a majalisa, na farko, na biyu, na uku, kowane da ɗan tulinsa. Haka zoɓon leda, haka kunun aya na sayarwa, haka furar da yanzu ba a sha sai an zuba mata sukari, abin da kakanninmu ba su sani ba.

Yadda na yi: mako na farko ban rage komai ba, na dai sa cokalin shayi a cikin gwangwanin sukari na daina zubawa da ido. A nan na gano cokali huɗu nake sha a kofi ɗaya. Mako na biyu uku, na uku biyu, na tsaya a ɗaya. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni, har ya kai in aka ba ni shayin biki sai in ji yana ƙona mini maƙogwaro. Citta, kanumfari da na'ana'a suna rufe gurbin da sukari ya bari. Zoɓo kuma a dafa shi da ɓawon abarba wanda aka wanke da kyau, da citta, a sa sukari rabin na da. Kunun tsamiya da ruwan garin 'ya'yan kuka tsaminsu ma daɗi ne in an bar shi ya fito.

Wata za ta ce ai sai ta koma ga ƙwayar zaƙi ko lemo marar sukari. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da waɗannan masu zaƙin don rage ƙiba, domin ba a ga suna rage kitse a dogon lokaci ba. Ni abin da na gani a kaina shi ne suna riƙe harshe a inda yake, kullum yana neman zaƙi. Mai ciwon sukari dai ya bi abin da likitansa ya tsara masa, shawarar ba ta shafi wanda ya riga ya kamu ba.

'Ya'yan itace a ci su da haƙori. Lemon zaƙi ɗaya in kika ɓare kika cinye har ɓargo kin ji shi a ciki, amma kofi ɗaya na ruwansa sai an matse biyu ko uku, kuma ki shanye a tsaye ki nemi ƙari.

Hatsi da maganar surfe

Nan ne muke da arzikin da ba mu san darajarsa ba. Gero, jar dawa ta damina, masakwar da ake dasawa a karal, wato ƙasar laka, bayan ruwa ya janye a girbe ta wajen Janairu da Fabrairu, masara, duk cikakken hatsi ne kafin mu taɓa shi. Majalisar Ɗinkin Duniya sai da ta ware shekarar 2023 sukutum don gero da danginsa. Mu kuma muna kai shi inji a surfe shi sau biyu har ya yi fari fat, mu ba tumaki dusar, mu ci sitacin. A cikin dusar nan da ɗan idon ƙwayar ake samun zaren da ke riƙe ciki ya hana sukari hawa da sauri, da yawancin bitamin B da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Tunkiyar gidanki ta fi ki cin lafiyayyen rabo.

Ga yadda za a yi. Ki sayi hatsi a tsaba, ki bakace, ki tsince, ki wanke, ki rege tsakuwa, ki shanya ya bushe ƙayau. A wurin mai inji ki ce masa surfe ɗaya mai sauƙi, ko kuma a niƙa haka nan. Zai dube ki ya ce, "Hajiya, tuwon zai yi duhu fa." Ki ce kin sani. Kada ki fara da gari marar surfe zalla, maigida zai ture kwanon. Ki haɗa kashi ɗaya da kashi biyu na wanda aka saba, bayan mako biyu rabi da rabi. Jar dawa ita ce ta fi buƙatar ɗan surfe saboda baurin ɓawonta, gero da masakwa sun fi sauƙin kai. Ki niƙa na mako ɗaya ko biyu kawai, domin garin da ke da idon ƙwaya yana da mai, a zafin nan namu yana saurin yin ɗaci.

Jiƙon da ake yi wa gero kafin a yi kamu ko gasara, da tsamin da ake bari ya yi, ba don ɗanɗano kaɗai ba ne. Yana karya wani sinadari da ke riƙe ƙarfen hatsi ya hana jiki amfana. Don haka kokon safe da ƙosai uku ya fi duk wani garin karin kumallo na kwali, in dai ba a kashe shi da sukari ba. Shinkafa kuwa, ko ta Yagwa ko ta waje, fara ce an goge ta. Wadda aka turara kafin a sheme ta fi riƙe bitamin. Abin da ya fi sauƙi shi ne kada a dafa ta ita kaɗai: kofi biyu na shinkafa, kofi ɗaya na wake, daga baya a kai su kai ɗaya.

Miya, wake da dunƙule

Abin da hatsi ya rasa na gina jiki wake na da shi, abin da wake ya rasa hatsi na da shi, shi ya sa shinkafa da wake, ɗanwake, ko tuwo da miyar wake suke cikakken abinci ko babu nama. Garin furotin da samari ke saye a manyan robobi don su tara ƙwanji, ƙwai biyu da kwanon wake da ƙuli-ƙuli sun biya wa yawancinsu buƙata. Ga kifin Lagdo, karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, ɗanye da banda. A gasa ko a sa a miya, ba kullum suya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, kuma dankali da rogo ba sa cikin lissafin. Miyar da ake ɗan shafawa a gefen tuwo ba za ta kai ko kusa ba. Ganyen kuwa ga shi nan: yakuwa da maƙwabtanmu Fulani ke kira folere, tafasa da suke ce wa tasba, lalo, rama, alayyafo, zogale, ganyen wake, kuka, ga kabewa da kuɓewa da gauta. Ki ninka ganyen miya sau biyu, ki sa shi daga ƙarshe, kada ya dahu har ya koma baƙi. Sannan ki mayar da kwaɗo abincin kowane yini maimakon abin marmari: zogale ko rama da aka tafasa aka matse, garin ƙuli-ƙuli, tumatir, albasar Marwa, ɗan tattasai, a matse lemon tsami. Tsamin nan na taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen ganyen, shayi kuma yana hanawa, don haka a bar sa'a guda tsakanin abinci da shayi, musamman mai ciki.

Abin dariya, zogalen nan da ke jikin dangar kowa shi ake niƙawa a ɗura a kwanso a sayar a Turai da tsada. Haka dihe da matan Kanumbu ke kwashewa daga tafkunan Kanem a Cadi suna miya da shi tun kaka da kakanni, shi ne ake kira spirulina a kantin magani.

Dunƙule kusan rabin nauyinsa gishiri ne, wani ma ya fi. Ƙa'idar yini ga babba ƙasa da giram 5 ne na gishiri, cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin burodi da kilishi da yajin tsire. Tukunyar da aka jefa wa dunƙule biyar, aka bi da farin gari mai ƙara ɗanɗano, aka sake barbaɗa gishiri, hawan jini ake rabawa a faranti. Ki rage ɗaya duk mako. Ki cike da daddawar kalwa ko ta batso, garin busasshen kifi, albasa da aka soya har ta yi ja, tafarnuwa, masoro da kimba. Kanwa ma danginsa ce, sodiyam ne a cikinta, kuma tana kashe wasu bitamin na ganye. In kin jiƙa wake tun dare ba ya buƙatarta. Kunun kanwar masu jego a sassauta masa hannu ƙwarai, likitocin Zariya sun daɗe da danganta yawansa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Mai kuma, ko na gyaɗa ne da aka matse a gabanki, cokalin cin abinci ɗaya kusan kalori 120 ne. A auna da cokali, kada a tuntsura kwalba. Man da aka soya makala, wato fanke, da shi har ya yi baƙi a rabu da shi.

Cefane bisa lokaci, da ido a buɗe

Wannan sashen na maigida ne ma, tunda a gidaje da yawa shi ke riƙe da jakar kasuwa. Malam, abin da ke da araha a kasuwa shi ne abin da lokacinsa ya yi, kuma shi ya fi lafiya. Da kaka a sayi gero, wake da gyaɗa na watanni, ko a kasuwar Lahadi ta Pitowa ko ta Litinin a Marwa. Da sanyi tumatir, karas, kabeji da salak na lambu sun cika gari, ga magarya da aduwa. Da bazara mangwaro har a ƙasa. Da damina ganye kyauta ne, lokacin shanya ke nan, kuma a inuwa ake shanya shi, rana na cinye launinsa da amfaninsa. Motocin Ngaundere na kawo fiya da ayaba da doyar Mbe.

Sai dai kasancewar abu daga gona bai sa ya zama marar illa ba. Gyaɗa da masarar da suka sha danshi a ajiya suna yin fumfuna mai fitar da gubar aflatoxin, wadda ke jawo sankarar hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. Ki baza gyaɗa a faifai ki tsince duk wadda ta yanƙwane, ta canza launi ko ta fashe, in kika tauna kika ji ɗaci ki tofar. Tunkuzar kasuwa ba ki san wace gyaɗa aka niƙa ba, gara ki soya taki ki kai inji. Waken da ke warin magani a bar wa mai shi. Na ajiya a zuba a buhu mai leda biyu a ciki a ɗaure kowace dam, ƙwari su mutu don rashin iska. Wannan dabarar ma a nan gida aka fara gwada ta, masu binciken noma na Marwa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, tun ƙarshen shekarun 1980.

Madarar shanu a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da ita, saboda tarin fuka da zazzaɓin da ake ɗauka daga dabbobi. Ki tambayi mai nonon da kike ciniki da ita ko tana dafawa. Salak da tumatir a wanke su da ruwan da za ki iya sha, in kuma ana maganar kwalara a gari, a dafa komai ko a ɓare.

Yadda kwanon zai kasance

Da ido ake yi, ba da sikeli ba. Rabin kwano ganye, ko miya mai kauri ko kwaɗo. Kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi, ƙwai ko nama. Sauran tuwo ko shinkafa, kamar dunƙulen hannun mai ci ga wanda ke zaune a shago ko ofis. Manomi da mai turin kura nasu daban, su ƙara. A gidan da ake ci a faranti ɗaya ba za a iya yanka wa kowa rabo ba, don haka ni kwaɗo nake fara fitarwa, a cinye, sannan tuwo ya biyo da ƙananan malmala da miya kwano biyu. Ba wanda ya taɓa cewa an rage masa.

A gidana yini kan tafi haka: koko da ƙosai ko dafaffen ƙwai da safe, shinkafa da wake ko dambun zogale da rana, tuwon masakwa miyar yakuwa da gyaɗa da daddare, da wuri. Yara in sun dawo daga makaranta akwai gyaɗa, aya, goruba ko mangwaro a inda biskit yake a da. Da azumi dabino uku da ruwa, kunu, sai abinci, ba soye-soye kala biyar ba.

Akwai kayan masana'anta da ban yarda a haɗa su da shayin filasko ba. Gishiri mai aidin shi ya kori maƙoƙo daga garuruwa da yawa, a saye shi, a rufe shi. Man girki na kamfani da fulawa a Kamaru doka ta sa ana ƙara musu bitamin tun 2011. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mai ciki a awo, da tunkuzar leda da asibiti ke ba yaro mai tamowa, magani ne. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari kada ya ajiye don ya fara cin zogale. Ya gaya wa likita ya canza cima, domin in awo ya sauka likitan ne zai rage maganin. Shi ma ya sani fura, zuma da dabino suna ɗaga sukari.

Awon ci gaba kuma ba ya buƙatar sikeli. Ki sami igiya, ki yanke ta daidai tsayinki daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, ki ninka biyu, ki zagaya cikinki tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ba tare da kin shanye ciki ba. In bakin biyu sun haɗu, ƙugunki bai wuce rabin tsayinki ba, abin da ake nema ke nan ga mace da namiji. A gwada sau ɗaya a wata, da safe kafin a karya, a kuma je a auna jini a asibitin unguwa. Tawa igiyar tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗaki. Ranar da na fara, tafin hannu guda ya rage ta haɗu. Yanzu saura yatsa biyu, kuma ta yi wata huɗu a nan, tun bikin ƙanwata.